Yadda ake sauke fayil daga taminal ɗin da ke cikin burauza

Ka gama aikinka a baƙin allon nan da ke buɗe a cikin burauza. Rahoton ya fito, ko kuma ka kwashe ajiyar bayanan shafinka, ka buga `ls`, ga sunan fayil ɗin nan ƙiri-ƙiri. Sai ka leƙa foldar Downloads ta kwamfutarka, wayam. Fayil ɗin bai ɓata ba. Yana can inda aka haife shi, a wata kwamfuta da ba ita ce a gabanka ba.

Wannan ne ya kamata ya zauna maka a kai kafin ka taɓa kowane maɓalli. Taminal ɗin burauza taga ce kawai. Harafin da ka buga yana bin intanet ya isa wata na'ura mai nisa, wadda ake kira saba, ita ta aiwatar da umarnin, ta maido maka da amsa a rubuce. Abin da ke kai-komo ta wannan tagar rubutu ne zalla, ba a yi ta don fitar da kaya ba. Don haka duk dabarun da za mu bi manufarsu ɗaya ce: a nemo wa fayil ɗin wata ƙofa dabam, in kuwa ƙofa ta gagara, a mayar da shi rubutu ya fito ta tagar.

Nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe da `wget` da `curl`, umarnin da ake sauke fayil da su daga intanet. Ni ma a farkon koyona na buga `wget` a irin wannan allon, na ga ma'aunin ya cika ɗari bisa ɗari, na shiga lalube a kwamfutata kamar wanda ya yar da allura. Lallai fayil ya sauka, amma a kan na'urar can ya sauka. Duk umarnin da ka buga a wannan allon, a can yake aiki, kuma a can yake ajiye abin da ya samo.

## Da farko, ka san inda kake da inda fayil ɗin yake

Buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
whoami
hostname
realpath rahoto.csv
ls -lh rahoto.csv
```

Na farko zai gaya maka da wane suna kake aiki, na biyu sunan na'urar da kake ciki, na uku cikakken adireshin fayil ɗin tun daga tushe, misali `/home/suna/aiki/rahoto.csv`, na huɗu kuma girmansa. Kwafi wannan cikakken adireshin ka ajiye, don akasarin akwatunan saukewa shi za su tambaye ka. Kada ka dogara da alamar `~`, wadda ke nufin gidanka, wato foldarka ta kanka a na'urar, a cikin akwatin burauza. Taminal ce ta san fassararta, ba kowane akwati ne ya sani ba. Sannan Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, `Rahoto.csv` dabam, `rahoto.csv` dabam. In sunan yana da tazara a tsakiya, ka sauƙaƙa wa kanka ka sake masa suna: `mv "rahoton wata.csv" rahoton_wata.csv`.

Amsar `hostname` ta fi yadda ake zato muhimmanci. Sau da yawa mutum ya buɗe taminal ɗin burauza, daga ciki ya yi `ssh`, umarnin shiga wata na'ura daga nesa, zuwa wata saba, ko ya shiga cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja ke aiki a cikin na'urar, ya daɗe yana aiki har ya manta ya yi tafiya. Maɓallin saukewa kuwa na'urar farko kaɗai yake gani, wadda burauzar ta haɗa ka da ita kai tsaye. Za ka ba shi adireshi daidai, ya ce maka babu wannan fayil, kuma gaskiyarsa. Maganin shi ne ka buga `exit` har ka dawo na'urar farko, sannan ka jawo fayil ɗin zuwa gare ta:

```
scp suna@203.0.113.10:/home/suna/rahoto.csv ~/
docker cp sunan_kwantena:/app/rahoto.csv ~/
kubectl cp sunan_pod:/app/rahoto.csv ./rahoto.csv
```

Ɗaya daga cikinsu za ka ɗauka, gwargwadon inda fayil ɗin yake. Na ƙarshen yana buƙatar a sami `tar` a cikin kwantenar, in babu ba zai yi ba.

Sai batun izini. In fayil ɗin na shugaban na'ura ne, wato `root`, kamar yawancin abin da ke `/var/log`, maɓallin saukewa ba zai iya karanta shi ba ko da kai kana da `sudo`, umarnin da ke ara maka ikon `root`, domin shi maɓallin da sunanka na yau da kullum yake aiki. Kada ka je ka sassauta izinin asalin fayil ɗin. Kwafo shi gidanka, ka mallaki kwafin:

```
sudo cp /var/log/nginx/access.log ~/
sudo chown $USER ~/access.log
```

## Ɗaure kayan wuri ɗaya

In fayil ɗaya ne ƙarami, tsallake nan. In folda ce ko fayiloli da yawa, ka ɗaure su ƙunshi guda. Wasu dandalin ba sa sauke folda sam, wasu kuma suna yi amma da jan ƙafa, kuma fayil ɗaya ya fi sauƙin tantancewa daga baya.

Auna nauyin kayan da sararin da ya rage maka tukuna:

```
du -sh aiki/
df -h ~
```

Dalili kuwa, ƙunshin da za ka yi shi ma wuri zai ci, kuma gidajen nan ba su da faɗi. AWS CloudShell gigabait 1 yake ba ka a kowane yanki, Google Cloud Shell gigabait 5. In folda ta cinye fiye da rabin gidan, kuma abin da ke cikinta hotuna ne ko bidiyo waɗanda ba sa matsuwa, ƙunshin zai tsaya a hanya ya ce wuri ya ƙare. Irin wannan sai ka gina shi a `/tmp` in can akwai sarari, ko ka raba aikin folda-folda.

```
tar -czf ajiya.tar.gz --exclude=node_modules aiki/
```

ko kuma

```
zip -r ajiya.zip aiki/
```

Ni na fi son `tar` in kayan za su sake komawa wata na'urar Linux, saboda yana riƙe izinin fayiloli yadda suke. In kuwa wanda zai buɗe mai Windows ne da bai saba da umarni ba, ka yi masa `zip`, danna biyu ya wadatar. Ka lura da `--exclude` ɗin can. Folda irin `node_modules` takan fi ainihin aikinka nauyi nesa ba kusa ba, alhali umarni ɗaya ke sake gina ta. Ɗauko ta asarar data ce kurum.

Abu ɗaya da ba na so ka yi: kwafe fayilolin rumbun bayanai kai tsaye alhali rumbun yana aiki. Yana cikin rubutu kana cikin kwafa, abin da za ka samu rabi tsoho rabi sabo, kuma ba za ka gane ba sai ranar da ka zo maido da shi. Ka sa shi rumbun ya fitar maka da ajiyarsa da kansa, da `mysqldump` ko `pg_dump`, sannan ka matse abin da ya fito:

```
pg_dump sunan_rumbu | gzip > rumbu.sql.gz
```

Kafin ka bar nan, ɗauki zanen yatsan fayil ɗin, wato lambar da ke canjawa in fayil ɗin ya canja ko da kaɗan:

```
sha256sum ajiya.tar.gz
```

Zai ba ka jerin haruffa da lambobi guda 64. Kwafe su ka ajiye a gefe, za mu dawo kansu.

## Ƙofar gida: maɓallin da dandalin ya tanada

Kullum da wannan za ka fara. Ita ce hanya mafi tsabta, tana bin shigar da ka riga ka yi da asusunka, ba ta buɗe wa baƙo komai.

A Google Cloud Shell ba sai ka nemi maɓalli ba ma, umarni gare shi:

```
cloudshell download ajiya.tar.gz
```

Akwati zai fito a burauza yana neman amincewarka, ka amince, saukewa ta fara. In ka fi son dannawa, ɗigo ukun nan da ke saman taminal ɗin suna da Download a ciki. A AWS CloudShell kuwa Actions za ka danna, sannan Download file, ka rubuta adireshin fayil ɗin. In ka rubuta suna kawai ba tare da cikakken adireshi ba, zai ɗauka a cikin `/home/cloudshell-user/` kake nufi. Fayil ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ba ya ɗaukar folda, shi ya sa muka ɗaure kaya tun farko. A Azure Cloud Shell, Manage files ne, sai Download, ka sa adireshi, daga nan wani ɗan saƙo zai bayyana da sunan fayil ɗin wanda sai ka danna shi kafin saukewar ta fara. Mutane da yawa a nan suke tsayawa suna jira, alhali su ake jira.

In ta maɓallin SSH na Compute Engine ka shiga wata saba, tagar da ta buɗe tana da nata Download file a sama, ita ma cikakken adireshi take so.

JupyterLab, GitHub Codespaces da VS Code na burauza duk tsarinsu ɗaya: jerin fayiloli yana gefen hagu, ka danna fayil da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Download. Sai dai jerin nan foldar aikin da aka buɗe kaɗai yake nunawa, don haka in fayil ɗinka yana wani lungu, kwafo shi cikinta da `cp` sannan ka sabunta jerin. A Google Colab ana iya yi daga cikin Python:

```
from google.colab import files
files.download("ajiya.zip")
```

Mai amfani da taminal ɗin cPanel, allon sarrafa shafin intanet da masu hayar saba ke bayarwa, kuma ba a cikin taminal ɗin zai nemi ƙofa ba. File Manager na cikin cPanel ɗin yana kallon gida ɗaya da taminal, a can zai ga ƙunshin ya sauke.

Apache Guacamole, wanda ma'aikatu ke yawan sa wa ma'aikatansu don shiga na'urori daga nesa, yana ɓoye jerin zaɓinsa. Sai ka danna Ctrl da Alt da Shift tare sannan ya fito daga gefe. In mai kula da tsarin ya kunna SFTP, hanyar tura fayil ta SSH, a haɗin, za ka ga fayilolin na'urar a wurin, ka shiga ka ɗauki naka. In ba ka ga komai ba, ba a kunna ba ne.

Sunayen maɓallan nan sukan canja wuri in kamfani ya sabunta shafinsa, amma kalmar Download ɗin ba ta cika yin nisa da saman taminal ba. In ka danna babu abin da ya faru, dubi ƙarshen layin adireshin burauzarka. Akasari burauzar ce ta tare tagar ko ta hana saukewa ta biyu a jere, za ka ga 'yar alama a wurin, ka ba shafin izini ka sake gwadawa.

## In babu maɓalli

Akwai taminal da yawa da ba su da ƙofar kaya ko ɗaya. Session Manager da EC2 Instance Connect na AWS in ta burauza ka shiga, allon Proxmox, da allon gaggawa da masu hayar saba ke bayarwa, duk haka suke. Kafin ka fara dabara, tambayi kanka ko rashin ƙofar ganganci ne. In na'urar ta wurin aikinka ce, mai yiwuwa da sani aka toshe don kada bayanan jama'a su fita. Iya zagayewa ba ya nufin an yarje maka. Tambayi mai kula da tsarin, sau da yawa ma yana da hanyar da aka amince da ita wadda ta fi taka sauƙi. In kuwa na'urar taka ce, ko an ba ka izini, ga hanyoyin, na jera su daga wadda na fi yarda da ita.

Ta scp ko rsync, daga kwamfutarka. In sabar tana karɓar SSH daga waje, ka ajiye burauzar gefe. Buɗe taminal ɗin kwamfutarka ta gaske, PowerShell a Windows ko Terminal a Mac da Linux, ka buga:

```
scp suna@203.0.113.10:/home/suna/ajiya.tar.gz .
```

A kwamfutarka fa, ba a allon burauza ba. In ka buga shi a can, sabar za ta kwafa wa kanta ne, ka koma gidan jiya. Ɗigon da ke ƙarshe yana nufin a ajiye a foldar da kake tsaye. In SSH ɗin ba a ƙofa (port) mai lamba 22 da aka saba yake saurare ba, ƙara `-P` da lambar, babban baƙi, domin ƙaramin `-p` wani aiki yake yi dabam a `scp`. Windows 10 da 11 na yanzu suna zuwa da `scp` a ciki. Wanda bai son buga umarni, WinSCP ko FileZilla za su yi masa aikin ta jawowa da linzami.

In fayil ɗin babba ne kuma intanet ɗinka mai yankewa ce, `rsync` ya fi:

```
rsync -avP suna@203.0.113.10:/home/suna/ajiya.tar.gz .
```

Harafin `P` ɗin yana sa shi ya riƙe abin da ya riga ya sauka. In haɗi ya katse, ka sake buga umarnin, ya ɗora a kan abin da ke ƙasa maimakon ya faro daga tushe. Sai dai dole a sami `rsync` a ɓangarorin biyu. Shi ma Google Cloud Shell yana da irin tasa, in ka girka `gcloud` a kwamfutarka:

```
gcloud cloud-shell scp cloudshell:~/ajiya.tar.gz localhost:~/ajiya.tar.gz
```

Ta rumbun ajiya na gajimare. Wannan ita ce hanyar manyan kaya in SSH a rufe yake. Ka ɗora fayil ɗin a rumbun da kake da iko da shi, ka sauko da shi daga can:

```
aws s3 cp ajiya.tar.gz s3://sunan-rumbunka/
aws s3 presign s3://sunan-rumbunka/ajiya.tar.gz --expires-in 600
```

Umarni na biyu zai ba ka wani dogon adireshi mai sa hannu, wanda zai yi aiki na daƙiƙa 600, wato minti goma. Manna shi a sabon shafin burauza, fayil ya sauko. In ba ka faɗi wa'adi ba awa ɗaya yake ɗauka, iyakarsa kuma kwana bakwai. Ka taƙaita wa'adin, don duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai iya saukewa ba tare da kalmar sirri ba. Kuma in da izinin wucin gadi ka ƙirƙire shi, irin wanda CloudShell ke amfani da shi, adireshin zai mutu da zarar izinin ya ƙare ko da wa'adin da ka sa bai cika ba. Wajen kwafa ka tabbata ka ɗauke shi duka, don tsawonsa yakan sa ya karye gida biyu ko uku a allo. A ɓangaren Google, `gcloud storage cp ajiya.tar.gz gs://sunan-rumbunka/` ne, sai ka shiga shafin Cloud Storage ka sauke. Ba sai ka buɗe rumbun ga duniya ba don fayil ɗaya.

Za ka ga ana tallata shafukan da ke karɓar fayil da umarnin `curl` guda ɗaya su ba ka adireshi, babu rajista babu komai. Suna da daɗin aiki, amma kayanka ka miƙa wa wanda ba ka sani ba. In dole ta sa, kulle fayil ɗin tukuna da `gpg -c ajiya.tar.gz`, ka sa kalmar sirri mai ƙarfi, ka tura wanda ya fito da `.gpg` a ƙarshe. Ajiyar rumbun bayanai mai ɗauke da bayanan mutane kam, ni ko a kulle ba na bi da ita ta nan.

Ta ɗan shafin wucin gadi. Python na iya mayar da folda shafin intanet nan take:

```
mkdir ~/fita
cp ajiya.tar.gz ~/fita/
python3 -m http.server 8080 --directory ~/fita
```

A Google Cloud Shell ka danna Web Preview ka zaɓi 8080, a Codespaces ka duba sashen Ports. Dukansu suna bi da kai ta asusunka, don haka ba kowa zai gani ba muddin ba ka mayar da shi na jama'a ba. Amma a saba mai adireshin da duniya ke iya kaiwa, labari ya sha bamban. Wannan umarnin ba ya tambayar kalmar sirri, ba ya ɓoye abin da ke wucewa, kuma yana nuna duk abin da ke cikin foldar da aka tashe shi. Wanda ya tashe shi a tsakar gidansa ya baje har foldar `.ssh` mai makullansa. Shi ya sa muka keɓe masa folda mai fayil ɗaya tal. Ga shi kuma ba ya ci gaba da saukewar da ta katse. Da ka gama, Ctrl da C, ka kashe shi.

Ta ZMODEM. Wannan tsohon hannu ne, Chuck Forsberg ya ƙirƙiro shi a 1986, zamanin da ake tura fayil ta wayar tarho, kuma har yau yana da rana. Shi ta tagar rubutun kanta yake cusa fayil ɗin, burauzar ta gane alamarsa ta karɓa. Taminal irin ttyd na goyon bayansa in mai kula ya kunna zaɓin `enableZmodem`. Girka `lrzsz` a sabar, ka buga `sz ajiya.tar.gz`. In taminal ɗin ba ta san shi ba, za ka ga wasu baƙaƙe marasa ma'ana allon ya daskare, sai ka danna Ctrl da X sau biyar a jere don ka soke. A cikin `tmux`, manhajar da ke raba taminal zuwa tagogi, ma ba ya tafiya daidai.

Ta base64, in komai ya ƙi. Tunda tagar rubutu take ɗauka, sai a mayar da fayil ɗin rubutu:

```
gzip -k saiti.conf
clear
base64 saiti.conf.gz
```

Ka zaɓi duk abin da ya fito, ka kwafa, ka manna a Notepad ko makamancinsa, ka ajiye da suna `saiti.txt`. Sannan a kwamfutarka ka maido da shi:

```
base64 -d saiti.txt > saiti.conf.gz
certutil -decode saiti.txt saiti.conf.gz
```

Na farko na Linux ne, na biyu na Windows. A Mac kuwa `base64 -D -i saiti.txt -o saiti.conf.gz`.

Ga lissafin da zai nuna maka iyakar wannan dabarar. Base64 yana mayar da kowane bait 3 haruffa 4, wato kaya na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku. Kowane layi haruffa 76 ne, daidai da bait 57 na asalin fayil. Yawancin taminal ɗin burauza a kan xterm.js aka gina su, shi kuma in ba a canja masa saiti ba layi 1000 yake tunawa a baya. Ka ga ke nan da fayil ya haura kilobait 57 ko kusa da haka, kansa zai fara gogewa kafin ƙafarsa ta fito, ka kwafi guntu ba ka sani ba. Don fayil ɗin saiti, takardar shaida, ko ɗan gajeren rahoto, ta yi. Don abin da ya kai megabait, wahala ce. Kuma ka kula kada ka haɗa da layin umarnin da ke sama ko wanda ke ƙasa wajen kwafa. In allon irin na noVNC ne, wanda hoton allo yake nuna maka ba rubutu ba, ko wannan ma ba za ta yiwu ba, sai dai ka tura fayil ɗin waje ta rumbu.

## Babban fayil da gajeren zama

Taminal ɗin gajimare ba sa jiran mutum. Azure Cloud Shell na rufewa in ya yi minti 20 ba a taɓa shi ba, sauran ma kowanne da nasa wa'adin, kuma saukewar da ke gudana ba lallai a lissafta ta a matsayin motsi ba. Ka bar shafin a buɗe, ka riƙa buga wani abu jifa-jifa, kada kwamfutar ta yi barci. A waya abin ya fi tsanani, don da ka koma wata manhaja burauzar na iya sakin haɗin.

In dole ta maɓalli za ka bi da fayil mai nauyi, yanka shi:

```
split -b 200M -d ajiya.tar.gz yanki_
```

Za ka sami `yanki_00`, `yanki_01`, har ƙarshe, kowanne megabait 200 sai na ƙarshen da ke ɗaukar ragowa. Ka tuna yankan zai sake cin wuri daidai girman asalin. Sauke su ɗaya-ɗaya, wanda ya katse shi kaɗai za ka maimaita. In sun kammala, ka haɗa:

```
cat yanki_* > ajiya.tar.gz
copy /b yanki_00+yanki_01+yanki_02 ajiya.tar.gz
```

Na biyun a Command Prompt na Windows ake buga shi, ba a PowerShell ba, kuma `/b` ɗin wajibi ne, in babu shi Windows zai ɗauki kayan a matsayin rubutu ya lalata su.

Kada kuma ka ce ka bar fayil a can sai wani jiƙon. AWS da Google duka suna share gidan CloudShell da Cloud Shell in ya kwana 120 ba a shiga ba. Abin da ke wajen gidan, kamar `/tmp`, shi ko hakan ba ya kaiwa, da na'urar ta juya ya tafi. A Colab ma da zaman ya ƙare kayan da ke kan na'urar sun bi shi.

## Tantancewa da share wuri

Ganin fayil a Downloads ba shaida ba ce cewa ya iso lafiya. Saukewa na iya yankewa ta bar maka guntu mai cikakken suna. Akwai ma wadda ta fi wannan yaudara: zamanka ya ƙare ba ka lura ba, burauzar ta ajiye maka shafin shiga ko saƙon kuskure da sunan fayil ɗinka. Ƙunshin da ka san megabait 300 ne ka gan shi kilobait 4, to ba shi ba ne.

Ɗauko haruffa 64 ɗin nan da ka ajiye, ka fitar da na kwafin da ke hannunka:

```
sha256sum ajiya.tar.gz
shasum -a 256 ajiya.tar.gz
Get-FileHash ajiya.tar.gz
```

Linux, Mac, sai PowerShell, bi da bi. PowerShell da manyan baƙaƙe yake rubuta nasa, wannan ba bambanci ba ne. In sun yi daidai, fayil ɗin bai canja ko da bait ɗaya ba. In sun saɓa, sake saukewa, kada ka tsaya gyara. Daga nan gwada leƙa cikin ƙunshin da `tar -tzf ajiya.tar.gz`, domin zanen yatsa yana tabbatar da cewa abin da ka ɗaure shi ya iso, amma bai san ko abin da kake so ka ɗaure ba.

Sai bayan wannan za ka koma allon burauza ka share bayanka. Goge yankunan da ƙunshin da kwafin da ka yi daga `/var/log`, ka cire wanda ka ɗora a rumbu, ka tabbata ɗan shafin Python ya mutu:

```
rm ~/yanki_* ~/ajiya.tar.gz ~/access.log
rm -r ~/fita
aws s3 rm s3://sunan-rumbunka/ajiya.tar.gz
ss -ltnp | grep 8080
```

Kafin ka buga `rm` mai alamar tauraro, fara buga `ls ~/yanki_*` ka ga abin da zai shafa, don a nan babu kwandon shara da za ka koma ka tsinto. Umarnin ƙarshen kuwa in bai nuna komai ba, babu mai saurare a 8080. In ya nuna layi, lambar aikin tana cikinsa bayan `pid=`, sai ka ba ta `kill`. In ka buɗe wata ƙofa a katangar tsaron sabar don wannan aikin, koma ka rufe ta, sannan ka buga `exit`.